Kejin da Aka Ce Kawu Ya Ɓata

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan benci, a ƙofar garejinsa. Ya nemi ruwa, kafin a kawo ya tafi. Bayan azahar muka kai shi.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni bayan ta rasu, ya ciyar da ni, ya yi mini aure. Mai walda ne, ya fi shekara talatin a bakin hanyar Makurdi. Ni direba ne, ban yi makaranta ba, kuma ba ni da yawan magana. Amma akwai abin da in ban faɗa ba, to zai shiga ƙasa tare da shi.

Mutane sun zo ta'aziyya sosai. Direbobin tasha sun zo, masu walda sun rufe shagunansu. Matar da ke sayar da sakwara kusa da gareji ta ari mayafi, ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, tana kuka tana cewa bai taɓa barin bencin shagonta ya kwana a karye ba. Wani Bafillace ya taso tun daga wajen Assakio, ya ce amalanken da Kawu ya yi masa ya ga bayan shanu uku, har yanzu yana aiki. Kowa da nasa alherin. Sai dai na lura, duk wanda ya zo kan yabon aikinsa yakan ɗan rage murya, ya saci kallon ɗan Kawu da ke zaune a kan kekensa na guragu a bakin zaure.

Tsohon abokin aikinsa, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon da suka fara sana'a tare, shi ne ya faɗa a fili.

"Hannun shi babu irin shi a Lafia," in ji shi. "Sai dai wannan keji guda ɗaya. Allah ya yafe mishi."

Aka ce amin. Ni ma na ce amin. Kejin nan bai ɓaci a hannun Kawu ba. Ni na yanke shi.

Bayan an ba mu jiha, Lafia ta cika da baƙi, ma'aikata da 'yan kwangila, da 'ya'yansu masu motoci. Suka samu wani fili a gefen hanyar Agyaragu, suka jera tsofaffin tayoyi suka yi da'ira, kowace Lahadi bayan la'asar ana tsere. Ba a daɗe ba wata mota ta wuntsila, rufinta ya lotse har kan kujera, aka fitar da gawa. Bayan haka wani ya kawo wa Kawu hoton motar tsere da ya yago daga mujalla, da ƙarafa a cikinta kamar kejin kaji. Kawu ya sa hoton a aljihu. Kwana uku yana fitar da shi yana kallo, ko a wajen cin tuwo. A rana ta huɗu ya ce zai iya.

Kejin ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Bututun ƙarfe ne ake lanƙwasawa kamar baka, ya tashi daga ƙasan mota ta gefe ɗaya, ya bi ta bayan kan direba, ya sauka ɗaya gefen. Biyu su tafi gaba ta gefen gilashi, biyu su koma baya. Sai guda ɗaya a gicciye, daga saman bakan ta wajen direba zuwa ƙasansa ta can gefen. In mota ta kife, kejin ne ke riƙe rufi kada ya sauko kan mutum.

Wajen zaɓen bututu Kawu ba shi da sauƙi. Ba ya taɓa bututun ruwa. Yakan cusa yatsa cikin bakin bututu ya shafa, in ya ji ɗinki a ciki sai ya jefar, ya ce wannan a wurin ɗinkin zai buɗe. Wurin masu haƙa rijiyar burtsatse yake zuwa neman mai kauri marar ɗinki. In zai lanƙwasa, sai ya cika shi da busasshen yashi, ya toshe bakinsa da itace, ya gasa, mu ja a hankali a jikin ƙarfen tayar babbar mota. Ya ce yashin ne ke hana shi tsukewa a wurin lanƙwasa. Ƙarƙashin kowace ƙafa ta kejin yana shimfiɗa farantin ƙarfe mai faɗin tafin hannu biyu, don ya ce ƙasan mota gwangwanin madara ne, bututu zai huda shi ya wuce.

Kujera kuwa sai ya auna mutum kafin ya yanka komai. Zai sa ka zauna a ƙasan motar a kan katako, ka sa hular kwano, ya ce, "Zauna yadda kake zama in ba mai kallonka." Don ya san samari, in ana kallonsu miƙewa suke. Sai ya sa dunƙulen hannunsa tsakanin hular da bututu, in bai shige a sake ba ya sauke katakon. Ya sa ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya kwanta a saman sitiyari ba tare da bayanka ya bar jingina ba. Kujerar da hannu yake ƙera ta, mai gefe masu tsawo da ke riƙe haƙarƙari da cinya, soso kaɗan. Ba ta gaba ba ta baya, noti huɗu ne har ƙasa. Bel kafaɗa biyu, a ɗaure a jikin kejin. Wani mai tumbi ya taɓa cewa kujerar ta matse shi. Kawu ya ce ai shi ya sa aka yi ta, in falo yake so ya koma gida.

Kejin farko bai yarda ya sa mutum a ciki ba. Ya haɗa shi a mushen wata mota, muka ja ta har ramin da ake ɗibar burji a wajen Ashige. Ya sayi ƙatuwar kabewa, ya sa mata hular kwano, ya ɗaure ta a kujera da bel. Muka tura motar daga bakin ramin. Ta juya sau uku. Mutanen ƙauye suna ta dariya, sun ce mai waldan Lafia ya taɓu. Ya sauka da kansa, ya kwance kabewar, ya juya ta gaba da baya, ko ƙwarzane babu. Inna ta yi miyan taushe da ita. Kowa ya ci ban da shi. Ya ce ba ya cin fasinjansa.

Yana da faɗa. Ɗan wani babban mutum ya kawo mota, yana son siririn bututu mai ƙyalli, kuma ba ya son na gicciye don yana hana shi kwantar da kujera. Kawu ya ƙi. Uban ya zo da kansa cikin babbar riga, yana cewa a yi wa yaro abin da yake so. Kawu bai ajiye guduma ba, ya tambaye shi 'ya'ya nawa gare shi. Mutumin ya ce tara.

"To wannan ɗin ya yi maka yawa ne, Alhaji?"

Suka kwashe motarsu suka tafi. Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ɗauki kwalin ashana, ya zare cikinsa, ya matsa murfin daga gefe, ya kwanta. Ya ce mini baka yana tare nauyin da ya zo daga sama, amma wanda ya zo daga gefe ƙarfen gicciye ne kaɗai ke tare shi. Ba sau ɗaya na ji wannan magana ba, ba sau goma ba. Ni ke riƙe masa bututu. Ba wanda ya fi ni sani.

Ina da wata tsohuwar ƙaramar mota salun da nake haya da ita tsakanin Lafia da Agyaragu. Wasan ya shiga raina, na roƙi Kawu ya yi mini keji. Ya ce motar wasa daban, motar haya daban, in zaɓa. Na ce na zaɓa, zan riƙa jan bas ɗin wani ranar kasuwa. Ya yi mini keji da kujera, mako biyu yana kai. Ban ja bas ɗin kowa ba. Na mayar da kujerar fasinja ta baya da aka cire, na ci gaba da lodi a can ƙarshen tasha inda Kawu ba ya bi. Amma ƙarfen gicciye ya tare wuri, mata masu kwando ba sa iya zama, suna ta mita. Wata safiya na kai motar ƙarƙashin wata bishiyar kashu a bayan gari, na sa zarto na yanke shi sama da ƙasa. Ranar Lahadi sai in mayar, in cusa guntun itace a ciki ya riƙe, in shafe wurin da abin cike bodin mota, in bi da baƙin fenti. Daga waje ba ka ganewa. Wata biyar ina haka.

Ɗan Kawu taubashina ne, na girme shi da shekara biyu. Ba ya kirana da suna, sai bawana. Yakan ce tuƙina irin na tsohuwar da za ta kai ƙwai kasuwa ne. Wata ranar Lahadi a filin tsere ya fizge makulli daga hannuna a gaban mutane, ya ce yau bawa zai ga yadda iyayen gidansa ke tuƙi. A nan ya kamata in faɗa masa. Abin da na ce kawai shi ne ba a auna kujerar da shi ba. Ya yi dariya, ya ce tsayinmu ɗaya, tumbi ne kawai na fi shi. Na shiga gefensa, ina tunanin in ina ciki zan sa ya rage gudu.

A zagaye na uku, a kwanar da ke kusa da suri, tayar gaba ta nutse a yashi. Muka juya sau biyu. Na ji ƙarfen ya fita daga wurinsa ya bugi ƙofa. Bakan ya kwanta ta wajensa, rufin ya biyo. Ni na fita da karayar kafaɗa da wannan tabon da ke goshina. Shi aka fitar da shi yana magana, yana tambaya ina ƙafafunsa.

Kawu ya iso a kan babur, an riga an wuce da ɗansa asibiti. Ina zaune a ƙasa da jini a fuska. Bai zo wurina ba. Ya rarrafa cikin motar, ya fito da ƙarfen. Ya kankare fentin da farce, ya shafa bakinsa da babban yatsa. Waldar da ta karye tana da haƙora. Yankan zarto sumul yake. Ya ɗago ya dube ni, bai daɗe ba. Ya sa ƙarfen a buhu, ya ɗaure a bayan babur. Wani ya tambaye shi me ya faru.

"Ya karye," in ji Kawu.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ranar da kuma bayanta.

Gari ya ɗauka. Aka ce waldar Kawu ce ta saki, mai walda ya gurgunta ɗansa da hannunsa. Waɗanda ya yi wa keji wasu suka je aka cire musu. Ba wanda ya sake kawo masa motar tsere. Ya koma ƙofofi da tagogi da amalanke. Inna ta daina yi masa magana kusan shekara guda, abinci sai dai ta aiko. Ina tsakar gida ranar da ta ce masa ya iya tsare kabewa amma ya kasa tsare ɗan cikinsa. Ya sa takalminsa ya fita. Ni ina tsaye da buta a hannu.

Shekara takwas na yi a haka. Duk ranar da aka ce Kawu na kirana, sai in ce yau ce. In je, ya ce in ɗauko masa ƙarfe daga kasuwa, ko in kai Inna asibiti. In na shiga gida na ga sun yi shiru, sai in ɗauka an faɗa. In Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba, sai in ce ta ji. Na rage zuwa, sai ya aiko a tambaya ko lafiya.

Wata rana ya kira ni bayan gareji, inda ba kowa. Na tafi ina salati. Ya nuna mini kujerar motar nan, ya ciro ta daga mushen, ya wanke. Ya ce in nemo masa tayoyin keke uku masu kyau. Da ita ya haɗa wa ɗansa keken guragu mai tuƙin hannu, don ya ce kujerun asibiti ba sa riƙe haƙarƙari, yaron yana zamewa gefe. Ni na riƙe masa bututu, kamar da. Da aka zo awo, muka ɗauko ɗan nasa muka zaunar. Kawu ya buɗe baki zai faɗi maganarsa ta kullum, sai ya yi shiru. Ɗan ya ce, "Faɗi abinka, Baba. Ai yanzu zama ɗaya gare ni." Ya yi dariya shi kaɗai.

Bai daina tsokanata ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya koyi gyaran rediyo, da wayar hannu ta shigo ya koma gyaran waya a bakin tasha. In na wuce sai ya ɗaga murya ya ce bawa ya zo ya ɗauki ubangidansa. Kowace Juma'a ni ke ɗaga shi in sa a mota mu tafi masallaci. Yana rungume da wuyana, yana ce mini ina warin man giyar mota.

Sau ɗaya na gwada yi wa Kawu maganar. Muna mu biyu, yana haɗa wata ƙofa. Na ce, Kawu, zancen ƙarfen nan. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya rufe ido, ya kunna wuta, ya yi ta walda har na zaci ya manta da ni. Da ya gama ya ce, "Kai ɗaya yayata ta bar mini. Miƙo guduma." Na miƙa. Ban sake tayarwa ba. Gaskiya kuma na ji daɗi da ya hana ni.

Washegarin rasuwarsa na shiga gareji na duba ko'ina, ƙarƙashin benci, cikin durom, bayan tarin ƙarafa. Ƙarfen ba ya nan. Ban san inda ya kai shi ba. Wato in na yi shiru, shi ke nan, ba mai sani har abada. Da rana na faɗa wa matata, ita ce ta farko da na taɓa faɗa wa. Sai ta ce in rufa wa kaina asiri, mutumin da abin ya shafa ya rufe da hannunsa, ni wane ne da zan buɗe bayan ransa. Ta ce in tuna 'ya'yanmu a gidan nan suke wuni. Maganarta ba ƙarya ba ce. Har yau ban tabbata ba ko na saɓa wa Kawu.

Ranar sadakar uku aka taru da safe. Aka yi addu'a, aka raba gumba da ƙosai. Wani direba ya ɗauko labarin kabewa, aka ɗan yi dariya. Sai wani daga baya ya ce Allah sarki, ai kowane gwani da ranar kuskurensa. Na ga bakuna sun shirya cewa amin. Na tashi tsaye.

"Waldar Kawu ba ta karye ba," na ce. "Ni na yanke ƙarfen da zarto don in ɗauki fasinja. Ya gani tun ranar. Ya yi shiru saboda ni."

Liman ya sunkuyar da kai yana istigfari. Dattijon nan ɗan Eggon ya tambaye ni a ina na yanke, na ce sama da ƙasa, dab da walda. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce shekara takwas yana faɗin wannan magana a kan abokinsa, har a gaban almajiransa na sana'a.

Ɗan Kawu ya juyo da kekensa ya fuskance ni. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni.

"Mutum nawa kake sawa a bayan?" ya ce.

"Huɗu."

Ya gyaɗa kai, ya tuƙa kekensa ya shiga gida.

Inna ta ji komai ta bayan labule. Ba ta fito ba. An ce abin da take ta maimaitawa shi ne shekara guda ta hana mutumin nan magana. Da azahar ta sa aka mayar wa matata da tukunyar abincin da ta kai, ba a buɗe ba. A tasha wasu sun daina zama inda nake. Wasu sun ce na yi daidai, wasu sun ce na makara da shekara takwas. Duka biyun gaskiya ne. Abu ɗaya dai, ban sake jin wani ya ce sai dai wannan keji ɗaya ba.

Aka yi arba'in ban taka gidan ba. Juma'a shida wani ne ke ɗaukar ɗan Kawu zuwa masallaci. A ta bakwai aka aiko mini da saƙo daga wurinsa, cewa hanyar maƙabarta yashi ne, keke ba ya shiga, yana bukatar mai turawa. Ba gaisuwa a cikin saƙon.

Na je. Na tura shi tun daga kwalta, tayoyin suna nutsewa, ina haki. A haka muka isa. Ya ce in koma baya. Na koma can nesa na tsaya a rana, ina ganin bayansa, kafaɗunsa suna motsi. Ya daɗe. Da ya gama ya ɗaga hannu, na zo na juya keken. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ban san ko zai sake aikowa ba. Inna har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Kawu yana maƙabartar bayan layin dogo, can gefen gabas inda yashi ya fi yawa, tsakanin wani limami da wani jariri. Allah ya sanyaya masa wurin, ya biya shi shirun da ya yi.